Ƙungiyar Ustasha ta Kuroshiya

Ustasha ƙungiya ce ta masu tsatsauran kishin ƙabila cikin al'ummar Kuroshiya, mai bin aƙidar fasisanci irin ta Mussolini shugaban Italiya, wadda ta riƙe mulki daga 1941 zuwa 1945 da ɗaurin gindin Jamus da Italiya. Sunan a harshensu yana nufin ɗan tawaye. Shugabanta wani lauya ne, Ante Pavelic, an haife shi a Bosniya a 1889.

Asalin rigimar tun 1918 ne, da aka haɗa Sabiyawa da Kuroshiyawa da Sulobeniyawa a masarauta ɗaya wadda daga baya aka sa wa suna Yugoslabiya, sarki kuma Basabiye ne a Belgrade, to Kuroshiyawa suna ta ƙorafin an danne su. Abin ya dagule a watan Yuni 1928 da wani ɗan majalisa ya zaro bindiga a cikin zauren majalisa ya harbi Stjepan Radic, jagoran jam'iyyar manoma wanda yawancin Kuroshiyawa ke bi, ya rasu bayan wasu makonni. Ranar 6 ga Janairu 1929 Sarki Alexander ya rushe majalisa ya karɓe komai a hannunsa, Pavelic ya tsallake ƙasar, a gudun hijirar nan ne ƙungiyar ta ginu. Italiya da Hungari suka ba su sansanonin atisaye don kowacce tana kwaɗayin wani yanki na Yugoslabiya.

Babban aikinsu a wannan zamani shi ne kisan Sarki Alexander a Marseille ta Faransa ranar 9 ga Oktoba 1934, da haɗin bakin ƴan tawayen Masedoniya, a harin ma har ministan harkokin wajen Faransa Louis Barthou ya rasa ransa. Faransa ta nemi a miƙa mata Pavelic, Mussolini ya ƙi, ya dai tsare shi. Duk da wannan suna da suka yi, a gida ba su da jama'a, talakawa suna tare da Vladko Macek magajin Radic, wanda a 1939 ya samo wa Kuroshiya ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai ta hanyar sulhu.

Mulki dai a tafin hannu aka miƙa musu. Jamus ta afka wa Yugoslabiya ranar 6 ga Afrilu 1941, aka fara yi wa Macek tayin shugabanci ya ce a'a, shi ne aka koma kan Ustasha. Ranar 10 ga wata Slavko Kvaternik ya shelanta ƙasa mai cin gashin kanta a Zagreb babban birnin Kuroshiya, Pavelic ya dawo daga Italiya da ƴan ɗaruruwan mabiyansa, ya laƙaba wa kansa Poglavnik, wato jagora. Wata guda kacal bayan nan ya sa hannu ya bar wa Italiya babban yanki na gaɓar Dalmatiya, mutumin da ya yi shekaru yana cewa ƙwato ƙasa ya zo yi! Wannan ya zubar musu da mutunci sosai a idon Kuroshiyawa da yawa.

Sabuwar ƙasar ta haɗa har da Bosniya, mutane sama da miliyan 6, kusan kashi ɗaya cikin uku Sabiyawa ne mabiya cocin Orthodox, su kuwa Kuroshiyawa Katolika ne. Nan masifar ta taso. Tun ƙarshen Afrilu aka kafa dokokin wariya irin na Nazi kan Yahudawa da ƴan ƙabilar Roma (waɗanda ake kira Jipsi), aka shiga ƙauyukan Sabiyawa ana kisa, a Glina har cikin coci aka yanka mutane. Wasu an kore su Sabiya, sama da dubu 200 aka tilasta musu sauya ɗarika. Sansanin Jasenovac da ke bakin kogin Sava, wanda aka buɗe a watan Agusta 1941 ƙarƙashin tsarin Maks Luburic, shi ne mafi muni, kuma ba da iskar guba ake kisa a can ba, da wuƙa ne da guduma da yunwa. Cibiyar tunawa da wurin ta tattara sunayen mamata sama da dubu 83, ciki har da yara kimanin dubu 20. A duk faɗin ƙasar ana ƙiyasta Sabiyawan da aka kashe sun haura dubu 300, Yahudawa kimanin dubu 30. Hatta wasu hafsoshin Jamus sai da suka kai ƙorafi, ba don tausayi ba, don sun ga kisan yana tura mutane daji.

Musulmin Bosniya kuwa lallashinsu aka yi ta yi, ana ce musu ai su ma Kuroshiyawa ne, har wani babban ɗakin baje kolin zane a Zagreb aka mayar masallaci da hasumiya uku. Wasu sun shiga ƙungiyar, gaskiya ne, amma a 1941 malamai da manyan gari a Sarajevo da Mostar da Banja Luka sun sa hannu kan takardun yin tir da abin da ake wa maƙwabtansu Sabiyawa, a lokacin da faɗin haka kan iya cin ran mutum.

Waɗanda suka tsira daga ƙauyukan da aka ƙona su ne suka fara cika rundunar ƴan sari-ka-noƙe ta Tito, jagoran ƴan kwaminisancin Yugoslabiya, daga baya Kuroshiyawa da Musulmi da yawa suka bi sahu, har gwamnatin Pavelic ta koma ba ta iya riƙe komai sai manyan birane. Italiya ta miƙa wuya a Satumba 1943. A 1944 ministocin Pavelic biyu, Lorkovic da Vokic, suka nemi a juya a koma ɓangaren ƙawancen ƙasashen da ke yaƙar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kama su, daga baya aka kashe su.

A farkon Mayu 1945 Pavelic ya gudu, dakarun Tito suka shiga Zagreb ranar 8 ga wata. Sojojin Pavelic da farar hula masu ɗimbin yawa suka nufi Bleiburg a iyakar Austiriya don su miƙa wuya ga Birtaniya, aka ƙi karɓarsu, suka faɗa hannun mutanen Tito, dubun-dubata aka kashe ba shari'a. Shi kuwa jagoran ya ɓuya a Austiriya da Italiya, ya isa Ajantina a 1948, a can aka harbe shi a 1957 bai mutu ba, ya ƙare a Madrid a Disamba 1959. Ministansa na cikin gida Andrija Artukovic sai 1986 Amurka ta miƙa shi, Dinko Sakic kuma da ya taɓa shugabantar Jasenovac an taso ƙeyarsa daga Ajantina a 1998, kotu a Zagreb ta ɗaure shi shekara 20.