Turawut na teku da na rafi, ashe uwa ɗaya uba ɗaya

An daɗe a Birtaniya ana ɗauka cewa kifin turawut na teku, wanda mutanen Wales ke kira sewin, jinsinsa daban da na rafi. Ba a ga laifinsu ba: wannan fari tas kamar azurfa, ga ƙiba, wancan ƙarami mai ruwan ƙasa da jajayen ɗigo. Amma kifi ɗaya ne, Salmo trutta. Daga cikin 'ya'yan uwa ɗaya, wani ya zauna gida, wani ya tafi ci-rani teku, ya dawo ya zuba ƙwai cikin tsakuwar rafi. Matan sun fi yin tafiyar, domin babban jiki shi ke kawo ƙwai da yawa.

Shi ya sa tsare teku kaɗai bai isa ba. Tun 2020 dokar Wales ta tilasta wa masunci mai kamu da ƙugiya ya saki duk turawut na teku da ya wuce santimita 60, kuma a ganina dokar ta yi daidai. Sai dai madatsar da ta toshe ɗan rafi, ko takin gona da ya kwarara ciki, yakan kashe 'ya'yan tun kafin su shaƙi ƙamshin gishiri.