Tarihin farashin asusun hannayen jarin ƙasa da ƙasa mai rabon riba

Asusun hannayen jarin ƙasa da ƙasa mai rabon riba wani nau'in asusun zuba jari ne da ke tara kuɗin jama'a ya sayi hannayen jarin kamfanonin ƙasashe daban-daban waɗanda suka saba raba wa masu jari wani kaso na ribarsu, sannan shi kansa asusun ake saye da sayar da hannayensa a kasuwa kamar na kowane kamfani. Irin wannan asusu ake taƙaita sunansa da ETF. A kasuwar Amurka, inda suka fi yawa, abin da ake nufi da ƙasa da ƙasa shi ne kamfanonin da ba na Amurka ba. Daga cikin sanannu akwai iShares International Select Dividend, mai alamar IDV, wanda aka kafa a watan Yunin 2007, da Vanguard International High Dividend Yield, mai alamar VYMI, da aka kafa a watan Fabrairun 2016, da kuma Schwab International Dividend Equity, mai alamar SCHY, na shekarar 2021. Tarihin farashi kuwa shi ne jadawalin da ke nuna yadda aka yi cinikin hannun jarin asusun a kowace ranar kasuwa tun daga kafuwarsa.

Abin da jadawalin ke ɗauke da shi

Kowane layi rana ɗaya ce, kuma yana nuna farashin buɗewa, da mafi tsada da mafi araha da aka yi ciniki a kai, da farashin rufewa, da adadin hannayen da suka sauya hannu. Ba a samun Asabar da Lahadi da ranakun hutun kasuwar Amurka. Yawancin masu wallafa jadawalin suna ƙara wani ginshiƙi na gyararren farashin rufewa, kuma a asusun da ke rabon riba wannan ginshiƙi ne ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma aka fi yi wa mummunar fahimta.

Rabon riba da gyararren farashi

Idan asusu zai raba riba, ana tsayar da wata rana wadda duk wanda ya sayi hannun jarin daga ita zuwa gaba ba shi da haƙƙin wannan rabo. A ranar farashin kan sauka da kimanin adadin da za a raba, domin kuɗin ya fita daga cikin kadarorin asusun ya zama na masu jari. Tun daga 28 ga Mayun 2024, lokacin da Amurka ta koma kammala ciniki cikin kwana ɗaya, wannan rana takan faɗo daidai da ranar tantance sunayen masu haƙƙi. Saukar farashin a nan ba asara ba ce, kuɗi ne ya bar wani aljihu ya shiga wani, amma ginshiƙin farashin rufewa ba ya bambanta ta da faɗuwar kasuwa. Mai auna asusun da wannan ginshiƙi kaɗai yana kama da makiyayin da ya auna ribar kiwonsa da farashin saniya, ya manta da nonon da ya yi shekaru yana tatsa.

Gyararren farashi yana toshe wannan giɓi ta hanyar rage dukkan farashin baya. A ɗauka, don misali kawai, hannun jari ya rufe a kan dala 60, washegari kuma aka cire rabon dala 1.20. Rabon ya kama kashi 2 cikin 100 na farashin, saboda haka ana ninka kowane farashi na ranakun da suka gabata da 0.98, har dala 60 ɗin ta koma 58.80 a sabon ginshiƙin. Idan a ranar cire rabon aka rufe a kan 58.80, farashin rufewa zai nuna faɗuwa, gyararren kuma zai nuna cewa mai jari bai rasa ko sisi ba. Abubuwa biyu ke biyo bayan wannan lissafi. Gyararren farashin wata rana ta 2017 ba shi ne abin da wani ya biya a ranar ba, don haka ba a amfani da shi wajen lissafin haraji ko tantance kuɗin saye. Sannan alƙaluman ginshiƙin suna canzawa duk lokacin da aka yi sabon rabo, wanda ya sa jadawalin da aka sauke bara ba zai yi daidai da na bana ba ko da duka biyun sahihai ne. Lissafin yana kuma ɗauka cewa an mayar da kowane rabo cikin asusun nan take ba tare da an cire haraji ba, abin da ba kasafai yake faruwa ga mutum na zahiri ba.

IDV ya nuna girman bambancin a fili. An kafa shi watanni kaɗan kafin kasuwannin duniya su kai ƙololuwarsu a ƙarshen 2007, sai rikicin kuɗi na 2008 ya karya farashinsa, kuma bayan shekara goma sha biyar bai koma matsayinsa na farko ba. Duk tsawon wannan lokaci yana raba riba sau huɗu a shekara, shi ya sa hoton da gyararren farashinsa ke bayarwa ya sha bamban da na farashin rufewa. VYMI kuwa ya fara ne daf da lokacin da kasuwanni suka yi ƙasa a Fabrairun 2016, don haka kwatanta su biyun tun daga ranar kafuwar kowanne kwatanta ranakun farawa ne fiye da kwatanta ingancin asusun.

Rabon ba ya zuwa daidai wa daida a kowane wata uku. Kamfanonin Amurka sun saba biya sau huɗu a shekara, amma da yawa daga na Jamus da Faransa da Suwizalan sau ɗaya suke biya, galibi tsakanin Afrilu da Yuni bayan babban taron masu jari, na Japan kuma sau biyu. Saboda haka rabon watan Yuni yakan fi na Maris nauyi nesa ba kusa ba, kuma wanda ya ninka rabon zango ɗaya sau huɗu don ƙiyasta na shekara zai yi kuskure babba. Abin da ya dace shi ne a tara rabon wata goma sha biyu a raba da farashi. Ko wannan ma yana buƙatar lura, domin kason yakan yi sama idan farashi ya faɗi, tun kafin kamfanoni su sanar da rage rabonsu. Haka aka gani a 2020: a ƙarshen Maris Babban Bankin Turai ya nemi bankuna su dakatar da rabon riba, manyan bankunan Birtaniya irin su HSBC suka soke nasu, a Afrilu kuma kamfanin mai na Shell ya zaftare rabonsa da kusan kashi biyu bisa uku, karo na farko tun Yaƙin Duniya na Biyu.

Canjin kuɗi

Farashin waɗannan asusu da dala ake rubuta shi, alhali kadarorinsu na yuro ne da fam da yen da sauransu, kuma mafi yawansu ba sa ɗaukar matakin kariya daga sauyin canji. Duk motsin da ke cikin jadawalin haɗakar abu biyu ne, motsin hannayen jari a kasuwanninsu na gida da motsin kuɗaɗen ƙasashen a gaban dala. A 2022 yuro ya faɗi ƙasa da dala ɗaya a watan Agusta, fam ya kusanci dala 1.03 a Satumba, dala kuma ta haura yen 150 a Oktoba, wanda ya sa wani ɓangare mai yawa na faɗuwar da aka gani a shekarar ya fito daga ƙarfin dala. Ga mai zuba jari daga Najeriya akwai canji na biyu a kan na farko: bayan sauya tsarin canji a Yunin 2023, darajar irin wannan jari ta hau matuƙa idan aka auna da naira ko da farashin asusun da ake rubutawa da dala bai motsa ba, kuma jadawalin ba ya nuna ko ɗaya daga cikin wannan.

Farashin kasuwa da darajar kadarori

Ban da farashin ciniki, kamfanin da ke gudanar da asusu yana wallafa tsantsar darajar kadarorinsa a kan kowane hannun jari bayan rufe kasuwa da ƙarfe 4 na yamma agogon New York. A lokacin kasuwar Landan ta rufe da sa'o'i huɗu da rabi a mafi yawan shekara, ta Tokyo kuma tun cikin dare. Idan wani labari ya ɓulla da rana a Amurka, farashin asusun zai motsa nan take alhali farashin ƙarshe na kadarorinsa tsoho ne, sai a ga tazara tsakanin alƙaluman biyu, sama ko ƙasa. Wasu kamfanoni suna gyara tsofaffin farashin da ƙiyasi don rage tazarar, manyan dillalai masu izinin ƙirƙira da fansar hannayen asusun kuma suna cike abin da ya rage don neman riba. A lokacin firgici tazarar takan faɗaɗa, kamar a Maris 2020 da aka dakatar da ciniki na ɗan lokaci a kasuwannin Amurka har sau huɗu.

Haraji da sauyin ma'auni

Ƙasashe da dama suna cire haraji daga rabon riba tun kafin ya isa asusun, Suwizalan kashi 35 cikin 100, Jamus sama da kashi 26, ko da yake yarjejeniyoyin haraji suna rage shi, Birtaniya kuma ba ta cirewa daga rabon kamfanoni na yau da kullum. Kuɗin gudanarwa shi ma ana zare shi kaɗan-kaɗan daga kadarori, don haka ya riga ya shiga farashin. Abin da bai shiga ba shi ne harajin mai jarin kansa: Amurka na cire kashi 30 cikin 100 daga rabon da ake biyan mazauna ƙasashen da ba ta da yarjejeniyar haraji da su, kuma Najeriya na cikinsu.

Jadawali mai tsawo yana iya ɓoye sauyin da ya faru a cikin asusun. Vanguard International Dividend Appreciation, mai alamar VIGI, ya bar ma'aunin Nasdaq, wato jerin kamfanonin da asusun ke bi wajen zaɓen hannayen jarin da zai saya, ya koma bin na S&P a 2021, saboda haka farashin kafin sauyin da na bayansa sun fito ne daga dokokin zaɓen kamfanoni biyu mabambanta. Iyakar ƙasashen da asusu ke shiga ita ma tana tasiri. VYMI ya haɗa da kasuwanni masu tasowa, IDV kuma ya tsaya ga ƙasashen da suka ci gaba a Turai da yankin Asiya da Fasifik da Kanada, shi ya sa lokacin da masu tsara ma'aunai suka cire hannayen jarin Rasha a Maris 2022 bayan darajarsu ta koma kusan sifili a lissafi, asusun da ke riƙe da kasuwanni masu tasowa ne suka ɗauki asarar.