'Yancin bayyana ra'ayi ta hanyar alama

Bayyana ra'ayi ta hanyar alama shi ne mutum ya isar da saƙo da aiki ko sutura ko wani abu da ya riƙe, ba tare da ya furta ko ya rubuta ba. Ɗaga tuta, ɗaura baƙin ƙyalle a dantse, riƙe ganye a zanga-zanga, jar hular 'yan Kwankwasiyya, duka suna cikin wannan babi. Masana shari'a suna sanya shi ƙarƙashin 'yancin faɗin albarkacin baki, sai dai iyakarsa ta fi ta magana wuyar shatawa, domin alama ɗaya kan zama koke a idon wani, barazana a idon wani.

Matsayinsa a dokar Najeriya

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe ra'ayi da karɓar bayani da yaɗa shi. Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan 'yanci da doka saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a, lafiyarsu, ko kare haƙƙin wasu, muddin dokar ta dace da tsarin dimokuraɗiyya. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke, a shari'ar Sufeto Janar na 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi gangami. A 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas.

Yadda wasu ƙasashe suka shata iyaka

Kotun Ƙolin Amurka ce ta fi yin suna a wannan fanni. A 1969 ta goyi bayan ɗaliban da aka dakatar daga makaranta don sun ɗaura baƙin ƙyalle na adawa da yaƙin Biyetnam. A 1989, alƙalai 5 cikin 9 suka ce ƙona tutar ƙasa da Gregory Johnson ya yi a birnin Dallas a 1984 ra'ayi ne da tsarin mulki ya kare, komai baƙin cikin da ya jawo. Amma a 1968 kotun ta tabbatar da hukuncin mutumin da ya ƙona katinsa na kiran aikin soja, domin gwamnati na buƙatar katin don gudanar da aikinta, kuma a 2003 ta ce jiha na iya hukunta mai ƙona gicciye da nufin tsorata mutane. Jamus kuwa ta haramta nuna alamun 'yan Nazi, saboda abin da aka aikata a ƙarƙashinsu.

Kaduna

Mutanen Kaduna ba sa jin wannan muhawara a matsayin labarin nesa. A Nuwamban 2002, wani rubutu a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda Musulmi suka ɗauka cin mutuncin Manzon Allah (SAW) ne, ya haddasa tarzomar da ta ci rayuka fiye da 200, shekara biyu kacal bayan rikicin Shari'a na 2000. Tun daga nan garin ya ƙara rabuwa, Musulmi suka fi yawa a arewacin Kogin Kaduna, Kirista a kudancinsa. Shi ya sa mai cewa a bar kowa ya nuna abin da ya ga dama ba ya samun masu saurare da yawa a Tudun Wada ko Sabon Tasha, kuma suna da hujjarsu.

Wannan tsoro na gaskiya, duk da haka, yakan zama mafaka ga hukuma. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 an ga matasa a Kaduna da Kano suna ɗaga tutar Rasha mai fari da shuɗi da ja. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya kira abin cin amanar ƙasa. An kama teloli da ake zargi da ɗinka tutocin, an sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya. A Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, wasunsu suka faɗi a gaban alƙali saboda galabaita, har sai da Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su.

Wanda ya fasa shago ko ya ƙona mota ya yi laifi ko da tuta a hannunsa ko babu, kuma doka ta tanadi hukuncinsa. Abin da ya rage a tantance shi ne ita tutar kanta: kira ne ga juyin mulki, kamar yadda hukumomi suka karanta ta ganin abin da ya faru a Nijar a 2023, ko kuwa kukan yunwa ne daga yaran da da yawansu ba su san inda Rasha take ba? An janye tuhumar da aka yi wa yaran kafin kotu ta yanke hukunci a kan haka.