Waiwaye: Jar fitilar da ke saman ƙofar ɗakin hoto

A 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus, kuma kafin shekara ta zagayo likitoci sun fara duba karaya da shi. Ba a ɗauka hasken da ido ba ya gani zai yi lahani ba, sai da hannuwan masu aikin suka fara ƙonewa. Clarence Dally, mai taimaka wa Thomas Edison, shahararren mai ƙirƙire-ƙirƙire, a Amurka, ya rasu a 1904 bayan an yanke masa hannuwa biyu. A 1928 aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa na kariya daga wannan haske.

Mu nan Najeriya mun makara. Dokar kariyar ta zo a 1995, hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, ta fara aiki a 2001, ita ke ba ɗakunan hoton eksire lasisi. Abin da ake nema sananne ne: bango mai kauri, ƙofa mai shafin dalma, alamar gargaɗi, da fitila a waje mai nuna na'ura na aiki. Mutumin Zamfara ya san dalma da mugun suna tun gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, amma a ƙofar ɗakin hoto ita ke tare hasken.

Fitilar ce ta fi damuna. A Gusau ko Kauran Namoda, mara lafiya ba ya zuwa asibiti shi kaɗai. Ga uwa, ga ƙanwa mai goyo, wata ma da juna biyu, duk a bakin ƙofa, an ƙagu a leƙa. Gargaɗin da aka manna da Turanci bai isa ga mutumin ƙauye ba. Jan ƙwan fitila kuwa kowa na gane shi, in an gaya masa sau ɗaya.

Sai dai haɗin shi ne magana. Ya kamata wayar fitilar ta fito daga jikin na'urar, ta kama da kanta. In aka ba ta makunni daban a bango, ko a manta da kunnawa, ko a bar ta a kunne wuni guda har jama'a su daina kula ta. In kuma na'urar na kan janareta, fitilar na kan layin da aka ɗauke, za a ɗauki hoto ƙofa ba alama. Mai duba lasisi da ya zo, ya sa a kunna na'urar a gabansa, ya fita waje ya ga ko ƙwan ya kama.