Kano da Legas: Tambayoyi Kan Ƙidayar Jama'a da Rabon Kuɗin Sufuri

Duk ranar da Gwamnatin Tarayya ta sanar da kwangilar wata babbar hanya ko wani layin dogo, kafin gari ya waye an fara lissafi a gidajen rediyo da majalisun hira, ana tambayar nawa aka kai Legas, nawa aka kawo Kano. Ƙarƙashin wannan lissafi akwai wata tsohuwar gardama, wato wace ce ta fi yawan jama'a a tsakanin jihohin biyu, kuma wace ce ake tauye wa haƙƙi.

Daga ina wannan ja-in-ja ta samo asali?

Ƙidayar jama'a ba ta taɓa wucewa salin alin a Najeriya ba. An soke ta 1962, an yi ta jayayya a kan ta 1963, ta 1973 kuma gwamnatin Murtala Muhammad ta jefar da ita bayan ta hau mulki a 1975. Amma gasar Kano da Legas kai tsaye ta fito fili ne daga ƙidayar 1991, wadda ta ba Kano mutum miliyan 5.8, ta ba Legas miliyan 5.7, alhali a shekarar ce aka cire Jigawa daga jikin Kano. Da aka sake ƙidaya a 2006, sakamakon ƙarshe ya nuna Kano tana da mutum 9,401,288, Legas kuma 9,113,605.

Gwamnatin Legas, a lokacin Bola Tinubu yana gwamna, ta ƙi amincewa, ta ce nata lissafin da ta yi kafaɗa da kafaɗa da na tarayya ya nuna mutum miliyan 17.5. Maganar ta sake tashi a 2013, lokacin da shugaban Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, Festus Odimegwu, ya fito ya ce ƙasar ba ta taɓa yin sahihiyar ƙidaya ba. Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya kai ƙorafi fadar shugaban ƙasa, kuma kafin shekarar ta ƙare Odimegwu ya bar kujerar. Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta, don haka alƙaluman 2006 ne har yanzu ake ɗora hasashe a kansu.

To, wace ce ta fi yawan mutane?

A nan ne mafi yawan masu gardama ke kwatanta abubuwa biyu da ba iri ɗaya ba. Jihar Kano tana da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 20,000, da garuruwa da ƙauyuka daga Doguwa zuwa Kunchi, yayin da Jihar Legas ba ta kai murabba'in kilomita 3,600 ba, kuma wani yanki nata ruwa ne. Kusan duk mutumin Jihar Legas mazaunin birni ɗaya ne. A Kano kuwa, ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso, sun tashi da kimanin mutum miliyan 2.8 a ƙidayar 2006, sauran fiye da miliyan shida suna wajen birni.

Saboda haka idan ana maganar birni da birni, Legas ta fi Kano nesa ba kusa ba, kuma babu wani Bakano mai adalci da zai musa wannan. Idan ana maganar jiha da jiha, sai a tsaya. Mutanen Legas kan kafa hujja da rajistar masu zaɓe, domin a 2023 Legas tana da sama da miliyan 7, Kano kuma miliyan 5.9. Mutanen Kano kan amsa cewa rajistar zaɓe manya kawai take ƙirgawa, kuma gidan da ke da mata biyu da 'ya'ya goma sha huɗu ƙuri'a uku yake da ita. Hanyar ƙaruwar ma ta bambanta: Kano haihuwa ce ke cika ta, Legas kuma baƙi ne ke kwarara cikinta, cikinsu har da dubban 'yan Arewa da ke Agege da Mile 12 da Idi-Araba.

Ta yaya yawan jama'a ke komawa kuɗi?

Daga Asusun Tarayya, gwamnatin tsakiya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Idan aka zo raba kason jihohi, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sai kashi goma-goma ga faɗin ƙasa da yanayinta, da ma'aunin ci gaban al'umma, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga na cikin gida.

Wanda ya zauna ya yi lissafi zai ga abin mamaki. Ratar da ke tsakanin Kano da Legas a 2006 ba ta kai mutum dubu 290 ba, a ƙasar da aka ce tana da miliyan 140, wanda ke nufin kusan kashi 0.2 cikin ɗari na kason yawan jama'a. Kuɗin da wannan rata ke kawo wa Kano ba zai gina layin dogo ba. Abin da ke ci wa Legas tuwo a ƙwarya shi ne abin da za ta samu da an karɓi miliyan 17.5 ɗinta, sai kuma batun ƙananan hukumomi, wanda ya fi kowanne zafi. Kano tana da 44, Jigawa da aka cire daga jikinta tana da 27, Legas kuma tana nan da 20. Tun da ana raba wani babban kaso daidai wa daida tsakanin ƙananan hukumomi 774, kowace ƙaramar hukuma wata ƙofa ce ta shigowar kuɗi.

Wannan ne ya sa Tinubu ya ƙirƙiro sababbi 37 a 2003, shugaba Obasanjo kuma ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas. A watan Disambar 2004 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da bai ba kowa cikakkiyar nasara ba, inda ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su cikin tsarin mulki. Har yau ba a shigar da su ba. A Majalisar Wakilai kuwa jihohin biyu kunnen doki suka yi, kowace tana da kujeru 24.

Idan haka ne, me ya sa Legas ke da jirgin ƙasa na cikin gari, Kano ba ta da shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta a daɗe a kanta, domin amsarta ba a Asusun Tarayya take ba. Legas ta fara mafarkin jirgin cikin gari tun 1983 a zamanin Gwamna Lateef Jakande, gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta soke aikin a 1985, abin da mutanen Legas ba su manta ba har gobe. A 2002 jihar ta kafa hukumar sufuri ta LAMATA da tallafin rancen Bankin Duniya, hukumar kuma ta tsira daga hannun gwamnoni huɗu ba tare da an rushe ta ko an sauya mata tsari ba. Ita ce ta fara motocin bas masu hanyarsu ta daban daga Mile 12 zuwa CMS a watan Maris na 2008. Layin dogo mai aiki da lantarki da ake kira Blue Line, wanda aka fara a zamanin Babatunde Fashola, sai a Satumbar 2023 ya fara ɗaukar fasinja a kan kilomita 13 kacal daga Marina zuwa Mile 2, bayan fiye da shekara goma ana jan ƙafa. Na biyu, Red Line, mai kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, ya biyo baya a 2024.

Abin da ya riƙe aikin tsawon waɗannan shekaru shi ne aljihun jihar. A 2023 Legas ta tara sama da naira biliyan 800 na kuɗin shiga na cikin gida, Kano kuwa ba ta kai biliyan 50 ba. Mai ba da rance yana duba abin da za a biya shi da shi ne, ba ya duba littafin ƙidaya. Sannan cunkoso da kansa yana taimakawa, domin jirgi yana riƙe kansa ne a inda mutane masu yawa ke bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya.

Kano ta bi wata hanya dabam. Bayan an hana acaɓa a watan Janairun 2013, biyo bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ta gaji sufurin birni baki ɗaya. Gwamnatoci suka zuba kuɗi a gadojin sama da na ƙasa, irin su ta Ƙofar Nassarawa, da ta Sabon Gari, da ta Dangi, da ta Hotoro. Gada tana warware kulli a mahaɗar hanya guda, amma wanda ya tsaya a bakin Kantin Kwari bayan la'asar, ya ga adaidaita jere huɗu-huɗu kowace ɗauke da mutum uku a baya da ɗaya a gefen direba, ga 'yan dako da dilolin atamfa suna kutsawa tsakaninsu, ya san cewa gada ta kai cunkoson gaba ne kawai. A 2016 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta sanya hannu da wani kamfanin ƙasar Sin kan jirgin cikin gari na dala biliyan 1.85, maganar ta tsaya a takarda. A ganina, babban abin da Kano ta rasa shi ne hukuma guda mai tsari na shekara ashirin wanda sabon gwamna ba zai yi watsi da shi don na magabacinsa ne ba. Tun Maris na 2023 ma gyaran tsarin mulki ya ba jihohi ikon gina layin dogo nasu, don haka uzurin doka ya kau.

Amma ai Gwamnatin Tarayya tana fifita Legas, ko ba haka ba?

Ƙorafin yana da tushe. Legas ta yi babban birnin ƙasa har zuwa Disambar 1991, kuma gadoji da manyan titunan da aka gina mata da kuɗin man fetur suna nan. Red Line ɗin ma a kan hanyar layin dogon tarayya na Legas zuwa Ibadan yake tafiya. A Janairun 2024 aka mayar da hedikwatar hukumar filayen jiragen sama da wasu sassan Babban Banki zuwa Legas, a shekarar kuma aka fara titin gaɓar teku mai kilomita 700 daga Legas zuwa Kalaba, alhali hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 375, wadda aka ba Julius Berger tun ƙarshen 2017, ba a gama ta ba, har aka soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna a ƙarshen 2024. Gwamnati kan amsa da cewa ta fara titin Sakkwato zuwa Badagry mai sama da kilomita 1,000.

Sai dai Legas ma tana da nata kukan. Tana cewa tirelolin ƙasar nan duka a kan titunanta suke bi zuwa tashoshin ruwa na Apapa da Tin Can, kuma ba a biyan ta ɓarnar. A 2016 Sanata Oluremi Tinubu ta kawo ƙudurin ba Legas matsayi na musamman da wani kaso na kuɗin tarayya, Majalisar Dattawa ta kayar da shi.

Layin Kano zuwa Maraɗi fa, da aka ce kyauta ce ga Arewa?

Lokacin da aka ƙaddamar da shi a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, a kan kusan dala biliyan biyu, da kamfanin Mota-Engil a matsayin ɗan kwangila, masu suka a Kudu sun ce Buhari yana gina wa danginsa na Nijar layin dogo da bashin Najeriya. Gaskiyar ita ce mafi yawan layin a cikin Najeriya yake, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Hujjar gina shi kuma ita ce janyo kayan Nijar, waɗanda ke bi ta Kwatano da Lome, su koma tashoshin ruwan Najeriya. Wato idan layin ya yi aikin da aka gina shi dominsa, tashar Apapa ce za ta fara cin riba.

Ina harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kayan da aka saya, ya shigo cikin maganar?

Ya shigo ne saboda manyan kamfanoni suna biyan sa daga hedikwatarsu, mafi yawansu kuma a Legas suke, ko da a Kano aka sayi katin wayar ko buhun sukarin. Da aka kawo ƙudurin sauya rabonsa a 2024, gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna a watan Oktoba suka ƙi amincewa. Dokar da aka sanya wa hannu a Yunin 2025 ta ɗaga kason jihohi daga kashi 50 zuwa 55, ta kuma danganta wani ɓangare na rabon da inda aka yi amfani da kayan.

Shin ribar ɗaya lallai asarar ɗaya ce?

A cikin kasafin kuɗi na shekara guda, haka ne, domin nairar da aka zuba a gaɓar teku ba za ta je Kwanar Dangora ba. A harkar kasuwanci kuwa biranen biyu bakin igiya ɗaya ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka haɗa shi da Legas a 1912, kuma dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita a zamanin su Alhassan Ɗantata ta wannan layi take sauka zuwa teku. A farkon 2021, da dillalan abinci da shanu na Arewa suka dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, cikin kwanaki farashin tumatir ya yi tashin gwauron zabi a Mile 12, a gonakin Kadawa kuma tumatirin ya rasa mai saye.

Sabon layin dogo na zamani daga Legas zuwa Kano an gina shi ne gutsure-gutsure. An buɗe Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, a 2016, aka buɗe Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, a 2021, a shekarar kuma aka fara Kaduna zuwa Kano, kilomita 203. Tsakiyar, daga Ibadan zuwa Abuja, ita ce ba a gina ba, kuma da wuya a ji wani gwamnan Kano ko na Legas ya ɗaga murya a kanta, saboda ba ta ratsa jihar kowannensu ba. A Janairun 2023 an buɗe tashar ruwa mai zurfi ta Lekki, aka kuma buɗe tashar tsandauri ta Dala, wato tashar sauke kwantenoni a kan tudu, a Zawaciki da ke Kano duk a wannan watan, amma kwantenar ɗan kasuwar Kwari har yanzu a bayan tirela take yin mafi yawan tafiyarta ta kusan kilomita dubu, daga shingen bincike zuwa shingen bincike.