Kurakuran ƙona faifai da zaɓen na'urar ƙonawa

Ƙona faifai shi ne rubuta bayanai a kan faifan CD, DVD ko Blu-ray da hasken leza. Sunan ya dace da aikin, domin a cikin faifan CD-R, wato CD ɗin da ake rubutawa sau ɗaya, akwai siririn shafen rini, kuma zafin lezar ne ke sauya shi ɗigo-ɗigo har ya zama alamomin da na'urar karatu ke ganewa. Philips da Sony ne suka fitar da ƙa'idar CD-R a 1988, Pioneer ta kawo DVD-R a 1997, Blu-ray kuma ya shiga kasuwa a 2006. CD na ɗaukar megabait 700, DVD gigabait 4.7 (mai hawa biyu 8.5), Blu-ray gigabait 25 a kowane hawa. Abin da aka ƙona a faifan rubutu ɗaya ba ya gogewa, don haka kuskure ɗaya ya isa ya kai faifan kwandon shara.

Inda matsala ke tasowa

A shekarun 1990 babbar cutar ita ce yankewar bayanai. Na'ura tana da 'yar ma'ajiya inda bayanai ke taruwa kafin leza ta rubuta su. Idan kwamfuta ta shagala da wani aiki har ma'ajiyar ta ƙare, rubutun ya tsinke ke nan. A 2000 Sanyo ta fito da BURN-Proof, Ricoh kuma da JustLink, dabarun da ke sa leza ta dakata ta ci gaba daga inda ta tsaya. Tun daga nan wannan cuta ta yi sauƙi ƙwarai.

Wadda ta rage ta fi wuyar ganewa, ita ce rashin jituwa tsakanin faifai da na'ura. Rinin faifai iri-iri ne, akwai sayanin, akwai fitalosayanin, akwai azo na kamfanin Mitsubishi, kuma kowanne da zafin da yake so. Kowane faifai na ɗauke da lambar masana'antar da ta yi shi. Na'ura tana karanta lambar, ta duba manhajar da ke cikinta don sanin irin ƙarfin da za ta ba leza, sannan ta yi gwaji a wani ɗan fili kusa da ramin tsakiya. Idan gwajin ya faskara, sai ta ƙi farawa, ta nuna saƙon kasa daidaita ƙarfin leza. Idan kuwa ba ta san lambar ba, sai ta yi amfani da tsarin gama-gari, wanda sau da yawa ke haifar da faifan da ya ƙonu lafiya a ido amma ya ƙi buɗewa a wata na'urar. Sunan da aka buga a kwali ba shi ne shaida ba, tun da kamfanoni da dama sayen faifai suke daga wasu masana'antu su liƙa sunansu. Manhajar ƙona faifai irin ImgBurn tana nuna ainihin lambar.

Sai gudu. Ma'aunin 1x, wato gudun tushe da ake ninkawa (16x ninkinsa goma sha shida ne), a CD kusan kilobait 150 ne a daƙiƙa, a DVD kusan megabait 1.4, a Blu-ray megabait 4.5. Gefen faifai na waje shi ya fi saurin wucewa a gaban leza, shi ya sa ƙonawa ta fi lalacewa dab da ƙarshe. An saba cewa a ƙona a mafi ƙarancin gudu, amma maganar tana da gyara: rinin faifan DVD mai 16x an yi shi ne don gudu mai yawa, kuma ja da shi ƙasa sosai ba lallai ya ƙara masa inganci ba. Rabin gudun da aka rubuta a kai ya fi zama tsaka-tsaki.

Akwai kuma ƙananan dalilai: ƙura a idon leza, zanen yatsa a faifai, da ƙarancin wuta. Kafar USB 2.0 miliamfa 500 kawai take bayarwa, abin da ya sa siraran na'urorin waje da yawa ke zuwa da waya mai kai biyu don su ja wuta daga kafa biyu. A tsofaffin kwamfutoci masu Windows XP, tsarin kan sauke na'ura daga DMA, hanyar tura bayanai mai sauri, zuwa PIO, hanya mai jinkiri, bayan kurakurai sun maimaitu, sai ƙonawa ta koma tafiyar hawainiya.

Gano mai laifi

Hanya mafi sauƙi ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a fara da mai arha: wani irin faifai, sannan rage gudu, sannan sabunta manhajar cikin na'ura, sannan wata waya. Ya kamata a kunna tantancewa bayan ƙonawa, wadda ke kwatanta faifan da asalin fayil. Faifan da ya ƙi aiki a na'urar kallo ta gida kuwa, sau da yawa rufe shi ne ba a yi ba, wato matakin ƙarshe da manhajar ƙonawa ke kammala faifan don wasu na'urori su iya karanta shi. Na'urar da ke ƙona CD ta kasa DVD ba abin mamaki ba ce, domin lezarsu daban, kowacce da tsawon zangon haskenta: nanomita 780 ta CD, 650 ta DVD, 405 ta Blu-ray. Ɗaya na iya mutuwa ta bar sauran. Idan kyawawan faya-fayai daga masana'antu biyu duk sun gaza a matsakaicin gudu, to lezar ta tsufa, kuma sayen sabuwar na'ura ya fi gyaranta.

Zaɓen na'ura

Babbar na'urar cikin kwamfutar tebur mai haɗin SATA, wato wayar da ke haɗa ta da cikin kwamfuta, ta fi siririya riƙe faifai da rage girgiza, kuma ana iya sa ta a akwatin waje mai wutarsa. Pioneer, LG, Asus da Lite-On na cikin sunayen da aka sani a fagen, ko da yake wasu na'urorin ƙirar wani kamfani ne aka sauya musu suna. Lambar gudun da ke kan kwali ba ta da wani nauyi. Abin dubawa shi ne ko kamfanin na fitar da sabuntawar manhaja, ko na'urar ta iya faifai mai hawa biyu, da kuma, ga mai son ajiya ta dogon lokaci, ko tana ƙona M-DISC, faifan da ba ya amfani da rini, wanda nau'insa na DVD sai na'urar da aka yi dominsa ke iya rubutawa.