Naman layya a gidan Kirista: inda gardamar ta samo asali

Duk shekara in Sallar layya ta zo, tambayar takan sake tashi a majami'un Maraɗi: idan maƙwabci ko ɗan'uwa Musulmi ya aiko da nama, a ci ko a bari? Wasu su karɓa da godiya, wasu su miƙa wa wani, kowane ɓangare kuma yana yi wa ɗayan kallon wanda bai gane ba. Gardamar ta girmi garin Maraɗi nesa ba kusa ba.

Kiristocin farko Yahudawa ne, da kaciyarsu da dokokin abincinsu. Da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, suka fara ba da gaskiya, haɗa hannu a akushi ɗaya ya zama rigima, har Bitrus ya janye daga ci da su a Antakiya, Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Taron Urushalima, wajen shekara ta 49, ya sauke wa al'ummai nauyin kaciya, amma ya ce su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da maƙararriyar dabba, da fasikanci.

A Koranti, wani birni na ƙasar Girka, abin ya fi tsanani, domin naman hadayun gumaka yakan ƙare a kasuwa. Amsar Bulus a 1 Korantiyawa 8 da 10 ba ta bai wa kowa nasara ba. Ya yarda gunki ba kome ba ne. Ya ce a sayi nama a kasuwa ba bincike, in marar bi ya gayyace ka ka ci abin da aka ajiye maka. Amma in wani ya ce wannan na hadaya ne, ka bari, saboda lamirinsa. Har ya ce in nama zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe, ya bar cin nama har abada. A Romawa 14 ya ƙara da batun masu cin ganye kaɗai da masu girmama wata rana: mai ci kada ya rena marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci. Nan ne muke yawan gazawa, don kowa rabin da ya yi masa daɗi yake haddacewa.

Mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta isa Damagaram a 1924, ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi kafin shekarun 1920 su ƙare, daga baya ta buɗe wurin jinyar kutare a Danja. Masu bi na farko sun fito daga gidajen Musulmi da na Azna, inda ake burkutu da yankan bori. 'Yan mishan suka ja layi mai kauri: ba giya, ba hulɗa da bori, mai mata fiye da ɗaya kuma ba ya samun cikakken matsayi a ikilisiya. Ina ganin dalilinsu. Wanda ya bar yankan bori jiya, halinsa ɗaya da mutumin Koranti. Sai dai abin da aka yi don kare sabon mai bi ya daskare ya zama ma'aunin bangaskiyar kowa, ikilisiyar EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, kuma ta gaji yawancinsa.

Daga shekarun 1990 majami'un Fentikos suka yawaita da kiɗa da rawa da addu'a da ƙarfi, sai gardama ta koma kan ɗankwali, da wandon mata, da lasifika. Katolika, waɗanda Maraɗi ta zama mazaunin bishop ɗinsu a 2001, ba su haramta giya ba, suna kuma da azuminsu na kwana 40.

Ni dai ban ga yadda za a kira layya yankan gunki ba. Da sunan Allah ake yankawa, ana tuna Ibrahim, mai aikowar kuma sau da yawa kawunka ne ko gwaggonka, zumunci yake nema. Mayar masa da kwano abu ne mai ciwo. Amma akwai ɗan'uwan da aka kora daga gida saboda ya bi Almasihu, wanda loma ɗaya ta naman nan ke zame masa kamar komawa baya. Ba daidai ba ne a yi masa ba'a, ko a tura masa kwanon don a nuna masa an fi shi sani.

Ƙone-ƙonen majami'u na Nuwamba 2000, da Janairu 2015, da na Yuni 2019 a nan Maraɗi, sun sa wasu zukata sun ƙara rufewa, har karɓar naman maƙwabci ya koma kamar cin amana a idon wasu. Matasan da suka tashi cikin wannan tsoro su ne yanzu ke tambayar fastoci ko su je sunan ɗan abokinsu, ko su zauna a makokin maƙwabci, kuma amsar da ake ba su ta bambanta daga majami'a zuwa majami'a.